Hoton Majigi: Yadda Launin Arewa Ya Tafi Turai Cikin Ambulan

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Hausa kafin talabijin ya game gari ya san majigi. Motar gwamnati ce ke shigowa gari da la'asar, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar hakimi, a jira a idar da sallar isha'i, sannan haske ya faɗa kan ƙyallen jama'a su ga yadda ake noman auduga ko yadda ake tsabtace rijiya. Kalmar kanta baƙuwa ce. Ta samo asali ne daga sunan wata tsohuwar na'ura da Turawa ke kira *magic lantern*, wato fitilar sihiri, wadda aka ƙirƙiro a Turai tun ƙarni na 17. Aikinta shi ne a zura mata gilashi mai ɗauke da hoto, ta haska shi a bango ya fito da girma. Da irinta ne masu wa'azin Kirista da jami'an lafiya suka fara nuna wa mutanen Afirka hoto a bango, kafin William Sellers, wani jami'in lafiya da ya yi aiki a Legas, ya shugabanci sashen shirya finafinai na ƙasashen mulkin mallakar Ingila da aka kafa a 1939. Fim mai motsi ya zo ya gaji sunan, aka manta da mai shi.

Sai dai fitilar ta bar magaji na jini, wanda bai taɓa motsi ba: ɗan ƙaramin hoto mai launi da haske ke ratsawa, a cikin firam na kwali, wanda ake kira silaid. Daga wajajen 1950 zuwa shekarun 1980, mafi yawan hotuna masu launi masu inganci da aka ɗauka a Arewacin Nijeriya a kan irin wannan fim aka ɗauke su. Yadda ake wanke shi, da mutanen da ke da kuɗin sayensa, da irin hoton da alƙalan gasa ke ba maki a kulob-kulob na masu kyamara, su suka haɗu suka yanke hukuncin abin da zai rage na launin wancan zamani da kuma inda zai zauna. Garuruwa irin su Wurno da Rabah da Goronyo, masu nauyin tarihi amma nesa da hanyar baƙi, su ne hukuncin ya fi shafa.

Fim marar negatif

A 1935 kamfanin Kodak na Amurka ya fito da Kodachrome, wanda wasu makaɗa biyu masu sha'awar ilimin haɗa sinadarai, Leopold Mannes da Leopold Godowsky, suka shafe shekaru suna gwaji a kansa. Ya fara fitowa ne a matsayin fim ɗin sinima, sai a 1936 aka yi na ƙananan kyamarori masu fim mai faɗin milimita 35. A wannan shekara kuma kamfanin Agfa na Jamus ya fito da nasa, Agfacolor. Daga 1939 Kodak ya fara mayar wa masu hoto da fim ɗinsu a yanke, kowane hoto a cikin firam na kwali mai inci biyu tsawo da faɗi. Hoton da ke tsakiya milimita 24 ne da 36, bai kai girman akwatin ashana ba. A 1946 aka samu Ektachrome, wanda ya fi sauƙin wanki.

Bambancin wannan fim da wanda masu ɗakin hoto suka saba da shi babba ne. Fim na yau da kullum negatif yake bayarwa: fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari, sai an buga shi a takarda ake ganin hoton, kuma daga negatif ɗaya ana iya buga ɗari. A wajen bugawar ma ana gyara: in hoto ya yi duhu a ƙara masa haske, in wani abu ya shigo ta gefe a yanke shi. Silaid ba shi da wannan rangwame. Ɗan fim ɗin da ya zauna a cikin kyamara lokacin da aka danna, shi ne hoton da kansa. Kwafi ɗaya ne tak a duniya. In ya ɓata, sai dai labari.

Haka kuma fim ne marar haƙuri da kuskuren awon haske. Ɗan ƙarin haske kaɗan sai fari ya ƙone ya zama fili, ɗan ragi kaɗan sai inuwa ta toshe. Kodachrome na farko yana da ƙarfin ɗaukar haske na lamba 10 kacal a ma'aunin da ake amfani da shi; a 1961 aka kai shi 25, a 1962 aka yi mai 64. Kyamarar wayar hannu ta yau tana haura dubu ba tare da mai ita ya sani ba. Ma'anar wannan ita ce silaid ɗan rana ne. Ba ya son zaure, ba ya son rumfar kasuwa, ba ya son makarantar dare da ake karatu a gaban wutar kara.

A ƙasar Hausa matsalar ta ninka. Mutum baƙi cikin farar babbar riga da farin rawani, a tsakar ranar bazara, ya fi ƙarfin abin da fim ɗin ke iya riƙewa lokaci guda. Mai kyamara sai ya zaɓa: ko ya auna hasken da rigar, aikin allura ya fito fuska ta dushe, ko ya auna da fuskar rigar ta ƙone. Da yawa sun zaɓi rigar. Shi ya sa wanda ya duba tarin hotunan wancan lokaci zai yi ta cin karo da aska takwas da ɗinkin wuya tangaran, alhali fuskar mai rigar ta nutse cikin inuwar rawani. Ƙwararru sun koyi jiran hantsi ko sanyin la'asar, ko hazon hunturu da ke tausasa rana.

Ambulan mai ruwan ɗorawa

Kodachrome ba a wanke shi a gida, ba a kuma wanke shi a ɗakin hoto na kasuwa. Rinin launukansa ba ya cikin fim ɗin; a wajen wanki ake shigar da shi, hawa-hawa har uku, da injuna manya da masana sinadarai a tsaye a kansu. Wuraren da ke wannan aiki ƙalilan ne a duniya. A ƙasashe da dama kuɗin wankin yana cikin kuɗin fim ɗin, kuma kowane kwali yana zuwa da 'yar ambulan mai ruwan ɗorawa. Mai hoto ya gama ɗaukar 20 ko 36 ɗinsa, ya nannaɗe, ya jefa a ambulan, ya kai gidan waya. Ga Turawan Ingila, adireshin shi ne garin Hemel Hempstead da ke arewa da Landan. Wani babban wurin wankin kuma yana Lausanne ta ƙasar Suwizalan. Bayan makonni akwati mai ruwan ɗorawa ya dawo. Wanda ya kusa tafiya hutu kuwa sau da yawa adireshin gidansu na Turai yake rubutawa, hotunan su jira shi a can.

Nan ne tushen maganar. Hoton da aka ɗauka a Sakkwato dole ne ya ƙetare teku kafin ido ya gan shi, kuma ba shi da negatif da zai bari a baya. Ko ya dawo, zai koma ranar da mai shi ya naɗe kayansa.

Su wane ne masu shi? Jami'an mulkin mallaka da matansu, malaman makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai, likitoci, injiniyoyin ruwa da na hanya, ma'aikatan kamfanonin sayen gyaɗa da fata. Bayan samun 'yancin kai a 1960 sai samarin sa-kai suka biyo baya: na ƙungiyar VSO ta Ingila da aka kafa a 1958, da na Peace Corps ta Amurka da suka fara isowa Nijeriya a 1961. Masu bincike na jami'o'i ma da silaid suke aiki, domin da shi ake gabatar da lacca. Ƙungiyar Nigerian Field Society, da aka kafa a 1930 don nazarin tsirrai da dabbobi da al'adun ƙasar, ta tara irin waɗannan mutane, kuma jawabi tare da haska hotuna na cikin abubuwan da aka san tarurrukanta da su.

Masu hoto 'yan ƙasa wata hanya suka bi, kuma da dalilinsu. Abokin cinikinsu takarda yake so: hoton da zai maƙala a bango, ya aika wa ɗan'uwa a Kumasi ko Kurmi, ya manna a takardar fasfo ta aikin Hajji. Ba wanda zai biya kuɗi a ba shi ɗan gilashin da ba ya ganuwa sai da na'ura da wutar lantarki da ɗaki mai duhu. Don haka manyan masu hoto na yankin, irin su Solomon Osagie Alonge a Binin, da J. D. 'Okhai Ojeikere a Legas, da Philippe Koudjina a Yamai, da negatif suka yi suna, galibi baƙi-da-fari. Sai rabon ya kasance haka: fuskokin mutane da sunayensu suna hannun 'yan gida ba launi, launin ƙasar kuma yana hannun baƙi ba suna.

Alƙalai a ɗaki mai duhu

Silaid ba a kallonsa a kaɗaice. Taro yake so. A 1961 Kodak ya fito da majigin Carousel mai faifai zagayayye da ke ɗaukar hotuna 80, kuma daren haska hotuna ya zama al'ada a gidajen Turai da Amurka. Amma inda abin ya zama ilimi mai ƙa'ida shi ne kulob-kulob na masu kyamara.

Tarihinsu ya girmi silaid nesa ba kusa ba. An kafa ƙungiyar masu hoto ta Landan a 1853, wadda ta zama Royal Photographic Society a 1894. Ta Amurka, PSA, ta kafu a 1934, sannan a 1950 aka ƙaddamar da tarayyar ƙasa da ƙasa, FIAP, a birnin Bern. A ƙarƙashinsu akwai dubban ƙananan kulob na garuruwa, inda akanta da malamin makaranta da direban jirgin ƙasa ke haɗuwa mako-mako. Silaid ya dace da gasa fiye da kowane irin hoto: ba ya da nauyi a gidan waya, girmansa ɗaya ko'ina, kuma tunda masana'anta ce ta wanke shi, ba wanda zai ce an yi masa kwaskwarima. Abin da mutum ya iya a lokacin dannawa, shi za a gani.

Tsarin gasar kusan ɗaya ne daga gari zuwa gari. A kashe fitila, a haska hoto na 'yan daƙiƙu, alƙali ɗaya ko uku su ba da maki, a wuce na gaba. A manyan gasanni na ƙasa da ƙasa mutum kan aika hotuna huɗu a kowane rukuni. Wanda aka karɓa a buga sunansa a kundin baje koli, kuma da yawan karɓuwa ake tara taurari da lambobin girma da ake liƙawa bayan suna. Rukunan sun haɗa da hoton ƙawa, da na dabbobi da tsirrai, da na tafiye-tafiye.

Hoton da ke da 'yan daƙiƙu don ya burge alƙali dole ya yi ihu. Ana son abu ɗaya fitacce da ido zai faɗa kansa, a ɗan gefe ba a tsakiya ba. Ana son ja ko ruwan ɗorawa mai ƙarfi. Ana rage maki in turken lantarki ko mota ko kwanon rufi ya shigo cikin hoton da ake so ya nuna baƙuwar ƙasa. Wanda ya taso a wannan makaranta, ko bai taɓa shiga gasa ba, mujallun hoto da littattafan koyarwa sun riga sun cusa masa wannan ido. Da shi ya sauka a filin jirgin saman Kano.

Arewa kuwa tana da abin da wannan ido ke nema, har da rara. Hawan Sallah da dawakai cikin lifidi da jajayen rigunan dogarai, hawan daba da aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, da wanda aka yi a can a 1977 lokacin bikin FESTAC, marinar Ƙofar Mata, dalar gyaɗa, birnin Kano daga kan Dala, bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 don girmama ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu. Ko ƙwararru ma wannan layi suka bi. Eliot Elisofon na mujallar Life ya zo Nijeriya a 1959, gab da samun 'yanci, kuma cikin abin da ya ɗauka akwai zaman fadar Sarkin Katsina Usman Nagogo. Bayan rasuwarsa a 1973 dubun-dubatar hotunansa suka koma gidan tarihin fasahar Afirka da ke Washinton, inda suke har gobe.

Hotunan nan gaskiya ne, kuma masu kyau ne. Matsalarsu ita ce maimaici. An ɗauki doki sau dubu, an ɗauki mai dokin ba a tambayi sunansa ba, an bar manomin da ya noma harawar a wajen firam. Cikin gida, inda rabin al'umma ke rayuwa da sana'a, a rufe yake ga baƙo namiji, kuma duhun ɗaki ya fi ƙarfin fim ɗin ko da an buɗe.

Hanyar da ba ta bi ta Wurno ba

In da nauyin tarihi ne ke jan kyamara, da gabashin Sakkwato ya sha hoto. Wurno ribaɗi ne da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa, a nan ya rasu a 1837, a nan kuma kabarinsa yake. Wasu daga cikin magadansa sun mai da garin mazauninsu. A Wurno matafiyin nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya sauka a 1853 a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Littafin tafiyarsa da ya fito a 1857 da 1858 yana ɗauke da hotuna masu launi, amma ba shi ya zana su haka ba: wani mai zane a Jamus, Johann Martin Bernatz, shi ya ɗauki zayyanar Barth ya ƙawata ta. Tun kafin kyamara ta iso, launin ƙasar a Turai ake sa shi.

Rabah kuma mahaifar Sir Ahmadu Bello ce, jikan-jikan Shehu ta wajen Muhammadu Bello. A nan aka naɗa shi hakimi a 1934, kafin ya zama Sardaunan Sakkwato a 1938, shekarar da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya hau gado. Sarautar Abubakar ta kai shekara hamsin, daga 1938 zuwa 1988, kuma ta yi daidai da ƙuruciyar silaid da tsufansa kusan shekara da shekara. Sardauna ya sha hoto a Kaduna da Legas da Landan. Garin da ya haife shi bai samu ko kaso kaɗan na wannan kulawa ba. Wanda ya rubuta Kano a ma'ajiyar hotuna ta kowace babbar jami'a ko gidan tarihi da ke intanet zai gaji da dubawa. In ya rubuta Wurno ko Rabah ko Goronyo, nan da nan zai gama.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Layin dogo a Ƙauran Namoda ya tsaya, bai kai Sakkwato ba. Baƙon da ya jure tafiyar mota har Birnin Shehu yakan ga fada da hubbare da kasuwa, in lokacin ya dace ya gangara Argungu, ya juya. Abin da ke kwarin Rima kuma ba irin wanda alƙalin gasa ke ba maki ba ne: fadama, shinkafa, albasa da tafarnuwa, masunta, jigo, garken shanu da ke sauka bayan ruwa ya janye.

Amma wannan ɗin ne abin da ya fi canzawa. An kammala madatsar ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992, bayan ta Bakolori da aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato. Madatsa tana rufe ƙasa a bayanta, tana kuma sauya lokacin ambaliya da yawanta a gabanta, wanda a kansa noman fadama ya dogara. Masanin labarin ƙasa W. M. Adams ya yi rubutu a shekarun 1980 kan yadda Bakolori ta rage ambaliyar da manoman gangare ke jira. Mai son auna irin wannan sauyi a Rima yana buƙatar ganin yadda kwarin yake kafin 1984: iyakar ruwa a watan Satumba, itatuwan da ke gaɓa, abin da aka shuka a wane gefe.

A nan ne launi ke zama hujja. Hoto baƙi-da-fari ba ya raba koren shinkafa da na dawa daga nesa, ba ya nuna ko ruwa ja ne ko garai. Ba ya faɗin ko rigar nan baba ce ta rina ta ko rinin kanti, ko jar fatar akuyar Sakkwato da dukawa ke aiki da ita har yanzu launinta ɗaya da na da, ko bangon nan da makuba aka shafe shi. Silaid da injiniya ya ɗauka don rahoton aiki, wanda ba zai ci ko maki ɗaya a kulob ba saboda turken awo da Land Rover sun shigo ciki, shi ne ya fi daraja ga masanin tarihi, domin turken da motar su ne ke faɗin wuri da lokaci. Irin waɗannan mutane, masu awon ƙasa da injiniyoyin madatsa da malaman gona da na makaranta, su ne suka zauna a wuraren da mai yawon buɗe ido bai taka ba.

Akwai wani dalili da ya fi wannan zafi. A yau hotunan gabashin Sakkwato da suka fi yawo na masifa ne: ambaliyar 2010 da ta ci garuruwa a kewayen Goronyo, da hare-haren 'yan bindiga, ciki har da na kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021. Ƙauyuka sun tashi, yara suna girma a inda ba nan aka haife su ba. Al'ummar da duniya ba ta san ta ba sai ta hoton ranar baƙin cikinta tana da haƙƙin a ga ranakunta na lafiya. Gani ya kori ji.

Ƙarshen zamani

Silaid bai mutu rana ɗaya ba. A shekarun 1980 injunan wanke hoto mai launi a takarda suka bazu a biranen Nijeriya, kowa ya samu launi a hannunsa ba sai da majigi ba. Faɗuwar darajar naira daga 1986 ta sa duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsada, baƙin ma'aikata kuma suka ragu. A duniya, fim ɗin Velvia na kamfanin Fuji da ya fito a 1990 ya ƙwace kasuwar Kodachrome da launukansa masu ƙarfi, irin waɗanda alƙalan gasa ke so. Kyamarar dijital ta zo ta share duka biyun daga kulob-kulob. Kodak ya daina ƙera Carousel a 2004, ya rufe wurin wankinsa na Suwizalan a 2006, ya sanar da daina Kodachrome a watan Yunin 2009. Wuri na ƙarshe da ke wanke shi, a garin Parsons na jihar Kansas, ya daina karɓa a ƙarshen Disambar 2010. Ektachrome ya ɓace a 2012 ya dawo a 2018, ga masu sha'awa.

Waɗanda aka riga aka ɗauka kuma suna tsufa, kowanne da cutarsa. Binciken Henry Wilhelm da aka buga a 1993 ya nuna cewa Kodachrome ya fi kowane fim mai launi jure ajiya a duhu, amma yana saurin kwaɗewa in aka yawaita haska shi. Ektachrome na farko-farko kuwa ko a duhu yakan rine ya koma ja. Zafi yana gaggauta wannan, danshin damina yana kawo fumfuna da ke cin fuskar fim, ƙurar hunturu tana karce shi. In aka buɗe akwati aka ji tsami kamar na ruwan khal, jikin fim ɗin ne ya fara ruɓewa.

Abin da ya fi rini saurin gushewa shi ne sani. Yawancin silaid ba su da komai a jikin kwalinsu sai wata da shekarar wanki da masana'anta ta buga, wani lokaci da kalma ɗaya da biro. Bayanin yana bakin mai hoton, wanda ke tsaye kusa da majigi yana faɗa. Saurayin da ya zo koyarwa a 1965 ya haura tamanin a yau. Dattijon Wurno da zai kalli bango ya ce wannan gidan wane ne, wannan kuma ƙofa kaza ce kafin a rushe ta, shi ma sa'ansa ne.

Abin da ya rage

Aikin da ke gaba ba ya buƙatar a dawo da akwati ko ɗaya, domin silaid ya fi samun lafiya a ɗaki mai sanyi da bushewa duk inda yake. Abin da ake buƙata kwafi ne mai inganci da kuma sunaye. Na'urar sikana ta fim tana fitar da abin da ido bai taɓa gani a bango ba, har da fuskar nan da ta nutse a inuwar rawani, wadda sau da yawa tana nan a cikin fim ɗin tana jiran a ɗaga ta.

Wuraren nema sanannu ne: ma'ajiyar Elisofon a Washinton, ɗakin karatu na Herskovits a jami'ar Northwestern inda hotunan E. H. Duckworth, tsohon editan mujallar Nigeria, suke, tarin kayan daular Ingila da ke ma'ajiyar birnin Bristol, da ƙungiyoyin tsofaffin 'yan sa-kai. A gida kuma akwai kabad-kabad na sassan labarin ƙasa da aikin gona a jami'o'i, da ofisoshin ayyukan ruwa, da gidajen ma'aikatan da suka yi karatu a waje suka dawo da kyamara. Gidan Arewa da ke Kaduna, da Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, su ne suka fi cancanta su jagoranci tattarawa. Ɗakin karatu na Birtaniya yana da shirin tallafa wa ceton ma'ajiyoyin da ke cikin haɗari tun 2004, kuma ya tallafa wa ayyuka a Nijeriya.

Wanda ya tarar da irin wannan akwati a kayan mahaifinsa, kada ya raba hotunan da jerinsu, kada ya goge su da ruwa ko yatsa, kada ya jefar da kwalin bayan ya kwafa. Ya ajiye su a wuri mafi sanyi da bushewa a gidan, ya rubuta duk abin da wani babba ya tuna game da kowane ɗaya. Sa'annan a kai kwafin inda aka ɗauko hoton: a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada a Wurno ko Rabah ko Goronyo, a tara dattawa maza da mata, a haska ɗaya bayan ɗaya, wani yana riƙe da alƙalami yana rubuta sunan duk wanda aka gane.